Gara a saki ɗan fashi da a faɗi sunan na'ura?

Daren Juma'ar da ta wuce musu ya sarƙe a majalisarmu, kuma ni na jawo shi. Wani tsohon labari na kawo, na birnin Baltimore da ke jihar Maryland a Amurka. A watan Nuwamban 2014 ana shari'ar wani matashi da ake tuhuma da fashi, sai lauyansa ya tambayi ɗan sandan da ke ba da shaida: yaya aka yi kuka gano gidan da wayar da kuke nema take? Ɗan sanda ya ce bakinsa a ɗaure yake, akwai yarjejeniyar rufe baki da rundunarsu ta sa wa hannu.

Alƙalin, Barry Williams, ya ce da shi: "Ai ba ka da wata yarjejeniyar rufe baki da kotu." Ko ya amsa tambaya, ko a kama shi da laifin raina kotu.

Masu gabatar da ƙara ba su bari an kai nan ba. Sai suka janye hujjojinsu, wato bindiga da wayar da aka samo a gidan. Sun gwammace shari'ar ta gurgunce a hannunsu da a ambaci na'urar bin diddigin waya da aka yi amfani da ita a gaban alƙali.

Ban kai aya ba wani dattijo da muke kira Baba Alhaji ya tari numfashina. "Kai ɗana, ku 'yan boko akwai neman magana. In dai an kama ɓarawo da kaya a hannu, ina ruwanka da hanyar da aka bi? Ko ƙasa aka buga, ba dai an kama shi ba?" Aka fashe da dariya, kuma kusan kowa bayansa ya bi. Na ja bakina saboda furfurarsa, amma maganar ta kwana tana cina.

To ga abin da na kasa faɗa a daren. Ban ƙi ɗan sanda ya mallaki kayan farautarsa ba, ban kuma ce ya shiga gidan rediyo ya sanar da inda zai ɗana tarko gobe ba. Amma ranar da ya gurfanar da mutum gaban alƙali, sirri ya ƙare. Hujjar da ba za a iya kwance ta a gaban alƙali da lauyan wanda ake tuhuma ba, ko akuya bai kamata a ɗaure da ita ba, balle ɗan Adam. Abin da aka gani a kotunan Amurka kuwa shi ne, wannan ɓoye-ɓoyen alƙalai ya makantar. Miyagu babu abin da ya rage musu, wasunsu ma riba suka ci.

Ƙarfen sabis na bogi

An fi sanin na'urar da suna StingRay, sunan wani kifin teku mai dafi a wutsiya. Kamfanin Harris na jihar Florida ne ya ƙera ta, kafin ya haɗe da wani a 2019 ya koma L3Harris. Tana da ƙanne: KingFish da ake riƙewa a hannu, da Hailstorm da ta fi ta zamani. Babbar ba ta wuce akwatin tafiya ba, a mota ake yawo da ita.

Aikinta yaudara. Wayarka kullum tana laluben ƙarfen sabis mafi ƙarfi a kusa da ita, ko kira kake ko tana aljihu. Sai na'urar ta yi shigar ƙarfen sabis, ta ɗaga murya fiye da na gaskiya, wayar ta ruga ta miƙa mata lambar shaidar layinta. Daga nan mai na'ura zai yi ta bin ƙarfin sigina yana matsowa, har ya tsaya a ƙofar ɗakin da wayar take. Tsofaffin samfurin kan janyo waya ta sauko kan 2G, domin a tsarin 2G waya ba ta tambayar ƙarfen sabis shaidar ko shi wane ne.

Kuma fa na'urar koma ce, ba ta zaɓen kifi. In aka kunna ta a unguwa don neman waya ɗaya, wayar mai jego da ta likita da ta ɗan makaranta duk sai sun amsa.

A Disambar 2016 wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya bayyana cewa Ma'aikatar Shari'a na da irin waɗannan na'urori 310, ta Tsaron Cikin Gida na da 124, kuma daga 2010 zuwa 2014 su biyun sun kashe sama da dala miliyan 95 a kansu. Wannan ban da na 'yan sandan jihohi da birane. Ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta ƙirga aƙalla hukumomi 75 a jihohi 27 zuwa 2018.

Takardar da ta ɗaure baki

Kafin rundunar wani gari ta mallaki na'urar, sai ta sa hannu a takardar FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayyar Amurka. An yi shekaru ba a san abin da ke ciki ba, sai da kotuna suka tilasta aka fito da wasu a 2015, ciki har da ta Baltimore ta 2011 da ta gundumar Erie a jihar New York ta 2012.

Sharaɗin da ya fi ɗaure mini kai: in ta kama za a tilasta bayyana bayanan na'urar a kotu, kuma FBI ta buƙata, to masu gabatar da ƙara su nemi a kori shari'ar ɗungurungum. A karanta wannan da kyau. Hukumar da aka kafa don kama masu laifi ce ta rubuta da hannunta cewa gara mai laifi ya tafi gida.

A gundumar Erie an yi amfani da na'urar sau 47 tsakanin 2010 da 2014, sau ɗaya tak aka nemi umarnin kotu. A Baltimore wani jami'i, Emmanuel Cabreja, ya shaida wa kotu a Afrilun 2015 cewa sun yi amfani da ita kusan sau 4,300 tun daga 2007. A gundumar Pierce ta jihar Washington alƙalai sun sa hannu a umarni sama da 170 ga 'yan sandan Tacoma ba tare da sanin me suke halattawa ba. A jarida suka ji, a 2014. Takardun da ake kai musu irin na yau da kullum ne, na neman izinin duba lambobin da waya ta kira. Kamar mutum ya ce ka ara masa tsaninka zai gyara kwano, ashe gidan maƙwabci zai haura.

Na Sarasota a Florida ya fi muni. Wasu saƙonnin imel na 2009 sun nuna wani sajan yana jan kunnen takwarorinsa na garin North Port da ke kusa, saboda wani jami'insu ya rubuta gaskiyar yadda aka gano wanda ake nema. Ya ce su a wurinsu, bisa roƙon jami'an tarayya na US Marshals, abin da suke rubutawa shi ne sun samu bayani daga "majiyar sirri". Alƙali zai karanta ya ɗauka wani mutum ne mai jini a jika ya tsegunta. Ni ban san wani suna da za a kira wannan ba in ba ƙarya ba, kuma a takardar da aka yi rantsuwa a kanta.

Da ACLU ta nemi ganin takardun Sarasota a 2014, an ba ta rana. Sa'o'i kaɗan kafin lokacin, jami'an US Marshals suka zo suka kwashe fayilolin, suka ce na gwamnatin tarayya ne. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Daga baya, a Mayun 2015, FBI ta fito ta ce ai ba a yi yarjejeniyar don hana ɗan sanda faɗa wa kotu cewa an yi amfani da na'urar ba. To, amma jami'an da suka yi shekaru suna haɗiye maganarsu a akwatin shaida ba haka suka fahimta ba, kuma ba a ga wanda ya yi gaggawar gyara musu fahimta ba sai da asiri ya tonu.

"Ina ruwanka da hanyar da aka bi?"

Mu dawo kan maganar Baba Alhaji, don ita ce ta fi kowace nauyi a zukatan mutane.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci a ƙasar Hausa ya san i'izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci sai ya juya ga wanda hukuncin zai hau, ya tambaye shi: kana da sauran magana? Kana da suka a kan shaidun nan? In aka tsallake wannan, kotun sama na iya rushe hukuncin komai kyansa. Hikimar a fili take. Shaida na iya zama maƙiyinka, yana iya zama mai raunin gani, yana iya kasancewa ba ya ma garin ranar da abin ya faru. Ba za ka iya sukarsa ba sai ka san shi.

To na'urar nan shaida ce. Ita ta nuna ƙofa ta ce nan ne. Tana iya kuskure? A gidan sama mai ɗakuna 50 tana bambance wannan ɗaki da na jikinsa? Wa ya riƙe ta, wane horo ya samu? An nemi izinin alƙali kafin a leƙa cikin gidan mutum da ita? Lauya ba zai yi ko ɗaya daga waɗannan tambayoyi ba in an ce masa "majiyar sirri" ce. An yi masa i'izari ke nan a kan shaidar da aka ɓoye a bayan labule.

Dokar Amurka ma abin da ta tanada ke nan. Gyara na 4 na tsarin mulkinsu ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, na 6 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin fuskantar masu shaida a kansa, kuma tun hukuncin Brady na 1963 Kotun Ƙoli ta wajabta wa masu gabatar da ƙara miƙa duk wata hujja da za ta amfani wanda ake tuhuma. In an samo hujja ta haramtacciyar hanya, kotu na iya watsi da ita. Amma yaya za ka ƙalubalanci binciken da ba ka san an yi ba?

Shari'ar Andrews a Maryland ta nuna yadda abin ke tafiya. A Mayun 2014 'yan sandan Baltimore na neman wani mai suna Andrews da ake zargi da harbin mutum uku. Suka samo umarnin duba lambobin kira, suka ɗauko Hailstorm, ta kai su wani gida, suka same shi zaune a kujera da waya a aljihu. Daga baya aka zaro bindiga daga cikin kujerar. Lauyarsa, irin waɗanda gwamnati ke ɗaukar wa marasa hali, ta yi ta naci wata da watanni kafin a amsa cewa da na'ura aka gano shi. Ranar 30 ga Maris 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce sai da waranti ake amfani da na'urar, ta kuma ce yarjejeniyar rufe bakin ta ci karo da ginshiƙan tsarin mulki. Hujjar bindiga ta faɗi.

Wani zai ce, ka gani ko, ga mai harbi ya sha. Ni kuma tambayata: wa ya zubar da shari'ar? Da sun je wa alƙali da gaskiya tun farko, mutumin da ake nema da harbin mutum uku, wane alƙali ne zai hana waranti?

Akwai kuma abin da Baba Alhaji ya manta, wai "da kaya a hannu". Na'ura waya take ganowa, ba ta san hannun da ke riƙe da ita ba. Ɗan wani maƙwabcina, yaro mai koyon ɗinki, ya tara kuɗin sallah ya sayi waya ta hannu. Bai yi wata da ita ba aka buga musu ƙofa da asuba, aka tafi da shi daga shi sai gajeren wando da singileti. Wayar ta wani ce da aka yi wa fashi. Kwana tara ya yi a tsare. Abin da ya cece shi wata 'yar takarda ce da mai sayarwar ya rubuta da biro a bayan kwalin magani, uwar ta adana a cikin kwalla tare da katin rigakafin ƙannensa. Na ga takardar da idona, duk manja ya ɓata gefenta. Da ta ɓace fa? Tirakin ya yi gaskiya, wayar tana ɗakinsa. Kuma yaron bai taɓa yi wa kowa fashi ba.

"Miyagu za su gane dabarar"

Wannan ita ce hujjar FBI a hukumance. Sun ce ko ƙananan bayanai aka saki, masu laifi da 'yan ta'adda za su harhaɗa su har su gano yadda za su kauce.

Da sirri ne na gaske, da na saurara. Amma a 2010, a taron masana kutsen kwamfuta na DEF CON a Las Vegas, an haɗa irin wannan na'ura a gaban jama'a da kayan da ba su wuce dala 1,500 ba, aka kama wayoyin mutanen da ke zauren. Jamus ta sa na'urar a dokar shari'ar laifukanta tun 2002, da sharuɗɗan amfani da ita a rubuce kowa na karantawa, kotun tsarin mulkinsu kuma ta duba batun a 2006. 'Yan sandan Jamus ba su daina kama masu laifi ba.

Wanda ma ya fara fasa ƙwan a Amurka ɗan fursuna ne. Daniel Rigmaiden ɗan damfarar haraji ne da ke zaune da sunayen bogi a Santa Clara ta jihar California, aka kama shi a 2008. Ya tabbata babu wanda ya san maɓoyarsa, don haka ya ce lallai ta na'urar intanet ɗinsa aka bi. Ya sallami lauyoyi ya koma kare kansa, ya yi shekaru yana tonon takardu daga kurkuku, har gwamnati ta amsa. Bai yi nasarar rushe hujjar ba, ya amsa laifi a 2014. Amma in mutum ɗaya a bayan kanta ya iya ganowa, manyan dillalan ƙwaya masu kuɗi da lauyoyi su ne ba su sani ba? Ai su tuni suke sauya waya kamar riga.

Wanda bai sani ba shi ne alƙali, sai lauyan talaka.

Batun ta'addanci kuma, da shi aka sayi na'urorin, domin birane da yawa da kuɗin tallafin tsaron cikin gida suka saya. Da jaridar USA Today ta samu kundin 'yan sandan Baltimore a 2015, abin da ta tarar har da satar waya, da cekin bogi, da masu damun mutane da kira. An sayi bindigar harbin giwa, ana ta harbin gafiya.

Wa ya ci riba?

A Tallahassee, babban birnin Florida, wani matashi ɗan shekara 18 da abokansa sun yi wa mai sayar da wiwi fashi a 2013 da bindigar wasa mai harba ƙananan ƙarafa. Kayan da suka ƙwace na dala 130 ne, sai waya. A dokar jihar, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara huɗu. Lauyoyinsa suka matsa sai an faɗi yadda aka gano shi, alƙali Frank Sheffield ya ba da umarnin a kawo na'urar a nuna. Kafin ranar ta zo, masu gabatar da ƙara suka kawo tayi: ya amsa ƙaramin laifi, a yi masa ɗaurin talala na wata shida. Ya karɓa, wa zai ƙi?

A St. Louis a 2015 an janye tuhuma a kan mutum uku da ake zargi da yi wa mutum bakwai fashi a dare ɗaya, ana jajibirin ranar da wani jami'i zai amsa tambayoyi kan na'urar bisa rantsuwa. Masu gabatar da ƙara sun ce babu alaƙa. Mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na wata mata a Tallahassee, da aka yi wa fyaɗe a 2008 aka tafi da jakarta da wayarta. 'Yan sanda suka bi wayar har wani rukunin gidaje, jami'i ya riƙa tsayawa a kowace ƙofa da taga da na'urar hannu har ya gano ɗakin. Aiki ya yi kyau. Saura waranti. Sai suka ƙi nema, don kada su bayyana wa alƙali abin da suka yi amfani da shi. Suka buga ƙofa da asuba, budurwar mutumin ta ce su kawo takarda, suka kutsa da ƙarfi. An ɗaure shi, amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin saboda shigar ta saɓa doka.

Ka sa kanka a matsayin matar nan. Shekara biyar bayan abin da ya same ta, a ce mata a koma farko, ba don ta yi ƙarya ba, sai don waɗanda suka zo taimakonta sun fi tausayin sirrin akwatinsu. Masu cewa sirrin nan don kare waɗanda aka zalunta ake yinsa, su je su faɗa mata.

Ga kuma rashin adalcin da ba a cika gani ba. Mafi yawan shari'un laifi a Amurka ba sa kai wa ga sauraron shaidu, da amsa laifi suke ƙarewa a sassauta hukunci. Mutum biyu su yi laifi iri ɗaya, a kama su da na'ura ɗaya. Wanda Allah ya haɗa da lauya mai naci, wanda ya taɓa jin sunan StingRay, sai a yi masa tayi mai daɗi ya tafi gida. Wanda lauyansa ke ɗauke da fayil ɗari bai san ma akwai abin tambaya ba, sai ya amsa laifi ya tafi gidan kaso. Nauyin laifi bai raba su ba, sa'ar lauya ce ta raba su. A 2015 lauyoyin marasa hali na Baltimore sun ce za su sake duba shari'u kusan 2,000. Wanda ya riga ya gama zaman wa'adinsa, wa zai biya shi?

"Ai an gyara"

An taɓa, ba zan yi musu ba. A Satumbar 2015 Ma'aikatar Shari'a ta fitar da ƙa'ida: jami'anta su nemi waranti, su faɗa wa alƙali na'urar da za su yi amfani da ita, su goge bayanan waɗanda ba ruwansu. Jihohi irin su Washington da California da Illinois sun yi dokokinsu. A Yulin 2016 alƙalin tarayya William Pauley na New York ya yi watsi da ƙwayar da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA ta samo ta wannan hanya, ya ce in babu waranti gwamnati ba ta da ikon mayar da wayar ɗan ƙasa na'urar bin sawunsa.

Sai dai ƙa'idar ma'aikata ba doka ba ce. Wanda ya rubuta ta na iya goge ta gobe, kuma ba ta hau kan 'yan sandan jihohi da birane ba in su kaɗai suke aikinsu. Har yau Majalisar Tarayyar Amurka ba ta yi doka takamaimai kan na'urar ba. Hukuncin Carpenter na 2018, inda Kotun Ƙoli ta ce sai da waranti ake karɓar tarihin wuraren da waya ta je, a kan bayanan kamfanonin waya yake. A 2023 kuma babban mai binciken Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ya gano cewa hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasa da sashen bincike na hukumar shige da fice ba kullum suke bin ƙa'idar da aka gindaya musu ba.

Akwai inda na sassauta. In an sace yaro, ko wani ya ɓace rai na hannun Allah, ban ce a tsaya neman sa hannun alƙali da tsakar dare ba. A kunna na'ura a ceci rai. Amma gari na wayewa a je a faɗa wa alƙali abin da aka yi, in kuma an zo shari'a a faɗa wa lauya. In akwai wani ɓangare na fasahar da da gaske bayyana shi zai cutar, kotuna sun daɗe da sanin yadda ake yi: a rufe ƙofa, alƙali ya gani, lauya ya gani bisa alƙawarin ba zai fitar ba. Haka ake yi da sirrin kasuwanci, har da na soja. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɗan sanda da kamfani su zauna su biyu su yanke abin da alƙali ya cancanci ya sani.

Gemun ɗan'uwa

Me ya kai ɗan Najeriya damuwa da rigimar Baltimore? Ka saurari kakakin 'yan sanda ranar da ake holin waɗanda aka kama. Da wuya a tashi ba ka ji "bayanan sirri" ko "mun bi diddigin wayarsa" ba. Tirakin iri-iri ne, wani ta bayanan kamfanin waya, wani ta na'ura, kuma na san iyalai da suka ga ɗansu ya dawo daga hannun masu garkuwa ta dalilinsa. Ba na raina shi.

Amma tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN, wato kowace waya yanzu tana da suna da fuska. A watan ne kuma cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da alamu suka nuna suna hulɗa da kamfanin Circles, mai sayar da fasahar gano inda waya take. A 2020 ɗin dai ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda aka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kamo 'yan jarida ta hanyar abokan hulɗarsu.

A takarda muna da kariya. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da na hirar waya. Sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma damar shirya kariyarsa da yi wa shaidu tambayoyi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce hujjar da ta fito daga kwamfuta sai an nuna na'urar tana aiki daidai. Amurkawa ma suna da nasu a takarda, da ƙungiyoyi masu kuɗin shigar da ƙara, da jaridu masu naci, amma sai da aka yi shekaru ana wasa da hankalin alƙalansu. Lauyoyinmu su riƙa yin tambayar nan da lauyan Baltimore ya yi, a kowace shari'a da aka ce waya ce ta kai ga kamu: ta yaya kuka gano shi, wa ya ba da izini, ina takardar? Alƙalanmu kuma kada su karɓi "sirrin aiki ne, ya mai shari'a" a matsayin amsa.

Shekaranjiya na samu Baba Alhaji shi kaɗai a kan dakali, na zayyana masa duk wannan a tsanake. Bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Labarin matar Tallahassee ne kawai ya sa ya yi salati. Can sai ya ce, "Wai ka ce ta wane layi take janyo waya?" Na ce 2G, Baba, amma wayoyin Android na yanzu da yawa suna da wurin kashe shi. Ya laluba aljihun 'yar-shara ya miƙo mini tasa, ya ce in kashe masa.

Na karɓa na juya ta. 'Yar rakani-kashi ce mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro. Ba ta san wani layi ba sai 2G.